Adakar Gidan Mai Goro: Shafi na 12

Assalamu alaikum. Masu ta tambayata ko an buɗe adakar, to yau an buɗe. Ku yi haƙuri da ni, hannuna ba ya sauri.

*

Saura kwana uku Mma ta fita takabar Babana aka fito da adakar tsakar gida.

Ni na jawo ta daga ƙarƙashin gadon Goggo Batulu, yayar Babana, don ita ke riƙe da makullin tun rasuwar Kaka. Adakar ƙarfe ce baƙa, gefenta duk tsatsa, in ka taɓa sai jan ya bi maka hannu. Takardun gidanmu duka a cikinta suke, tun daga kan wanda ya fara zuwa ƙasar nan fataucin goro har zuwa Kaka Abdul-Waris da ya yi wa gwamnati aiki. Ban taɓa ganin cikinta ba.

Afa Imoru, limamin unguwarmu, shi ya fara zuwa. Ya zauna a tabarma gindin darbejiya, ya ciro tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Dasiba, Afa," in ji Goggo, da gaisuwar safiya irin ta garin nan.

"Naa, Hajiya. Ina mai gayyar?"

"Yana hanya. Daga Vittin yake, ka san masu sabon gida ba sa tashi da wuri."

Ba ta rufe baki ba muka ji ƙarar moto a ƙofar gida. Baffa Ubaid, ɗan'uwan Babana, ya shigo da sallama a taƙaice, makullin moton na hannunsa yana kaɗawa. Na durƙusa na gaishe shi. Adakar kawai yake kallo.

Shi ne ya ce da zarar Mma ta fita takaba mu bar ɗakuna biyun da muke ciki, zai rushe su ya yi shaguna. Ya ce Babana ba ɗan gidan ba ne. Maganar tsohuwa ce a Aboabo, unguwarmu a Tamale. Shekarar da aka ce baƙi su bar ƙasa, wasu mutanen Kano da ke haya a gidanmu sun bar jaririnsu a hannun Kaka, don ba zai iya hanyar ba. A satin nan ita ma matar Kaka ta haifi namiji. Ta shayar da su tare, aka yi musu suna rana ɗaya, Mahamudu, wato Babana, da Ubaid. Kowa ya san ɗayansu ajiya ne. Kaka ya hana a faɗi wanne, har ya mutu bai faɗa ba.

Ni na je wurin Afa ina kuka na ce a buɗe adaka a karanta. Shi ya sa muke zaune.

Mma tana cikin ɗaki bayan labule, don ba ta fita gaban maza. Ƙafarta kawai nake hangowa ta ƙasan labulen.

"Hajiya, bismillah," in ji Afa.

Goggo ta kwance makullin daga bakin zanenta. Sau uku tana murɗawa kafin ya buɗe. Wani wari ya taso, irin na tsohon littafi da kafur.

Afa ya ɗauko ta farko da hannu biyu. Takardar ta yi ja kamar an jiƙa ta da shayi, rubutun ajami ne manya-manya.

"Daga Mamadu Mai Goro zuwa ga iyalinsa Abida a Salaga. Gaisuwa da yarda da aminci. Bayan haka, mun sauka Mango lafiya. Jaki guda ya karye, mun raba kayansa. Goro bai bushe ba, muna yayyafa masa ruwa safe da yamma. Ki ce wa yaro ya bar kuka, zan zo masa da takalmi daga Kano."

Ya ɗago kai ya dubi Goggo. "Yaron nan mai kuka shi ne babanku."

"Ya zo masa da takalmin," in ji Goggo. "Bai shige shi ba. Wata takwas ya yi a hanya, ƙafa ta riga ta girma."

Afa ya yi murmushi. Baffa bai yi ba.

"Afa, ba labarin jaki na zo ji ba. Ina da aiki."

"Kowa yana da aiki, Alhaji. Zauna mana."

"Nan ma ya isa."

Haka ya tsaya a kanmu. Afa ya ci gaba da ɗaukowa. Wata daga Yendi, wata daga bakin Kwara suna jiran kwalekwale, wata Mamadu yana gaya wa ƙanensa cewa hanyar jaki ta mutu, mota ta karɓe goro, zai koma Tamale ya kama rumfa. Ina jin su kamar muryar mutum ce ke fitowa daga cikin adakar. Ban san lokacin da na matso kusa ba.

Ƙarƙashinsu sai ga wasu takardun daban, farare, bugun keken rubutu, da hatimi a ƙasa. Afa ya juya su, ya miƙa wa Baffa.

"Wannan naka ne, kai ka yi boko."

Baffa ya karɓa. A nan ne jikinsa ya ɗan saki, ya gyara tsayuwa yana karantawa yana fassarawa.

"Wannan ta ɗaukar Baba aiki ce, masinja a ofishin Disi, shugaban gunduma. An rubuta an haife shi a Salaga, shi ya sa ba a kore shi ba lokacin da aka kori mutane. Wannan an mai da shi malamin shanu, an tura shi Paga. Wannan Bawku. Wannan yabo ne, ya hana shanu masu ciwo shigowa." Ya tsaya a kan wata. "Yauwa. Ga wadda nake nema."

Ya ɗaga ta sama kamar za mu iya karantawa.

"Takardar iyali ce, Baba ya cika da hannunsa a shekarar. 'Ya'ya: mace ɗaya, Batulu. Namiji ɗaya." Ya dubi labulen ɗakinmu. "Ɗaya. Ba biyu ba."

"Da wane suna?" in ji Afa.

"Ba suna."

"Kamar ya ba suna?"

"Kafin ranar suna ya cika ta," in ji Goggo a hankali. "Suna ta tambayar takardun kowa a lokacin, ya yi sauri ya kai. Ya ce ba zai rubuta sunan yaro ba kafin a yanka masa rago."

"To ai shi ke nan," in ji Afa. "Takarda ta ce namiji ɗaya. Ba ta ce kai ba ne, Alhaji."

"Afa, kai ma a unguwar nan ka tashi. Wa aka kai makaranta? Wa aka saya wa keke? Wa Baba yake ɗorawa a gaba in zai je ofis? Wa aka bari a rumfar goro yana jiƙa buhu tun yana ɗan shekara tara? Mutum ya san ɗansa."

Gaskiya ne, Babana bai yi boko ba. Har ya mutu a rumfar goron nan yake, tafin hannunsa ja ne kullum. In yara suka kira shi ɗan ajiya yana yaro, Goggo ta ce dariya kawai yake yi.

Na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Akwai wasiƙun Kano."

Duk suka juyo. Na sunkuyar da kai.

"Ɗaga murya, Jalila," in ji Afa.

"Mma ta ce Babana ya taɓa gaya mata, mahaifin yaron ya riƙa aiko wasiƙa da direbobin shanu. Suna cikin adaka."

"Ji ta," in ji Baffa. "Wadda ko gaisuwa ba a ji daga bakinta, yau ta zama lauya."

Amma ya daina kaɗa makullin.

Afa ya zura hannu can ƙasa, ya fito da wani ƙunshi a jan ƙyalle, an ɗaure da zare. Ya kwance. Takardu ne bakwai, kowacce an ninke ta ƙarama.

Ya buɗe ta farko. Ya daɗe yana kallo. Ya juya bayanta. Ya buɗe ta biyu, ta uku.

"Afa, karanta mana," in ji Mma daga bayan labule. Tun safe sai yanzu ta yi magana.

"Babu abin karantawa."

Ya shimfiɗa su a kan tabarma. Duk sun yamutse kamar takardar da ruwan sama ya daka ta bushe. Babu harafi ko ɗaya, sai wani dishi-dishin toka a gefe-gefe.

"Ruwa ya shiga adakar?" in ji Baffa.

"Da ruwa ne da na sama sun fara jiƙewa. Wannan wanke su aka yi. Tawadar gida ce, ta gawayi da ƙaro, ruwa na taɓa ta take tashi."

"Ni na wanke," in ji Goggo.

Tana zaune yadda take, hannunta a kan gwiwa.

"Lokacin da asibiti suka sallamo Mahamudu, ba ya iya haɗiye komai sai ruwa. Na ɗauko su na wanke masa, kullum guda."

Afa ya cire tabarau. "Hajiya, ba duk abin da aka rubuta da baƙin larabci ne addu'a ba. Waɗannan wasiƙu ne. Gaisuwa ce da labari, irin waɗanda na karanta yanzu."

"A jan ƙyalle na same su, a ƙasan komai. Baba ba ya ɓoye abu haka sai mai girma."

"Da kin kawo mini na duba."

"Ban kawo ba."

Na tuna kofin. Ƙaramin kofin silba, da ruwa baƙi-baƙi a ciki, Goggo tana miƙo mini kowace safiya bayan an yi sallah. Ni nake tallafo kan Baba, ni nake kai masa baki. Kwana bakwai. In ya rage kaɗan a ƙasa sai ya ce, "Tsiyaye duka, uwata." Ina murna yana sha, ina cewa zai tashi.

Da hannuna na ba shi.

Baffa ya zauna a kan turmin da ke kife. Ya ɗauki butar Afa ya kurɓi ruwa, ya wanke fuska. Sai ya fara dariya, ba mai ƙarfi ba, kafaɗarsa kawai ke motsi.

"Allah Sarki. Mahamudu ya sha shaidarsa."

"Alhaji, maganar mamaci ake yi," in ji Afa.

"Ban zage shi ba. Na ce ya sha. Yaya, da kin san taimakon da kika yi mini da kin nemi tukuici."

Goggo ba ta dube shi ba.

"To Afa, an buɗe adaka. Ka ce a buɗe, an buɗe. Namiji ɗaya takarda ta ce, kuma duk Aboabo sun san wane ne. Juma'a Sawudatu za ta fita takaba. Asabar magina za su zo."

"Ko da ɗan ajiya ne, a gidan nan ya sha nono, a gidan nan ya mutu. Ba a yin haka."

"Na bar shi shekara hamsin da biyar. Ban isa a ce na yi ƙoƙari ba?"

Labulen ya motsa.

"Alhaji," in ji Mma. Muryarta ta dushe saboda kukan wata huɗu. "Shekara ashirin da shida nake share tsakar gidan nan. Ni na yi jinyar Baba, ni na wanke Inna da hannuna ranar da ta rasu. Ina za ni?"

"Kina da ɗan'uwa a Kukuo."

"Ɗaki ɗaya gare shi, da yara shida."

"Sai ku zama takwas. Ni ban ce ba ki da kirki ba, Sawudatu."

Na ga ƙafarta ta janye daga ƙasan labule.

Afa ya tashi ya kama hannun Baffa ya ja shi wajen zaure, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Goggo ta tattara takardun ta zuba a adaka.

"Ɗauko mini ita ciki."

Na ɗauka. Ban san ya aka yi na kai ta ɗakin ba, don idona ba ya gani sosai. Na ajiye a gaban gado, na juya zan fita.

"Tsaya. Sun hargitsa mini su, riƙe mini murfin."

Na riƙe. Ba na son kallon fuskarta. Tun ina ƙarama Goggo ce ke yi mini kitso, ita ke ɓoye mini ƙanzon waakye, shinkafa da wake. Yau ina jin haushinta har cikin haƙorina, kuma ba zan iya faɗa ba.

Ta riƙa ɗaukar takardun Mamadu ɗaya-ɗaya. Sai ta kai kowacce kusa da taga, ta duba samanta, ta ajiye.

"Wannan ta Mango, ita ce farko. Wannan ta bakin Kwara. Ta Yendi tana bayanta, don a dawowa ya rubuta."

Yatsarta tana bin layi daga dama zuwa hagu. Leɓenta yana motsi.

Na saki murfin, ya faɗo da ƙara.

"Goggo, kin iya karantawa?"

Ta tsaya.

"Goggo."

"Rufe ƙofa."

Na rufe. Ta zauna a bakin gado, ta nuna mini ƙasa kusa da ƙafarta.

"Lokacin da aka tura Baba Paga, Inna ba ta iya karatu ba. Wa kike tsammani yake karanta mata wasiƙunsa? Wa yake rubuta amsa? Ina 'yar shekara goma ya koya mini. Maza ba su taɓa tambaya ba, ni ma ban faɗa ba."

"Kin san wasiƙu ne."

"Na sani."

"Kika wanke."

"Na wanke."

"Kika ba ni na ba shi. Me muka yi miki, Goggo?"

"Ba ni na so ba. Shi ya ce."

"Wa?"

"Babanki."

Na dube ta.

"Ranar da aka dawo da shi daga asibiti, kin tafi sayo masa koko, ya kira ni. Ya ce, Yaya, ƙunshin nan na jan ƙyalle, ba na so ya kwana a duniya bayana. Na ce in ƙona? Ya ce a'a, da sunan Allah a saman kowacce, ba a ƙonawa. Na ce in binne? Ya ce wani zai tona. Ki wanke mini in sha, in tafi da su. Kowa zai ɗauka rubutu ne."

"Don me? Don kar a san shi ne ɗan ajiya?"

Goggo ta girgiza kai.

"Ke ma abin da kika ɗauka ke nan. Duk unguwa haka suka ɗauka. Ina 'yar shekara sha huɗu ranar, Jalila. Ni na karɓi jaririn daga hannun uwarsa a bakin mota. Ko tsayuwa ba ta iya yi, jini bai ɗauke mata ba. Mijinta, Malam Moro mai fata, ya riƙe hannun Baba ya ce, amana, in ƙura ta lafa zan dawo. Ba su kai iyaka ba ta rasu. A wasiƙar farko ya faɗa."

"Goggo, wane ne?"

"Baba ya ce mana amana ba a ba ta saura. In abinci ya yi kaɗan, ɗan amana ke fara ci. In kuɗin makaranta na mutum ɗaya ne, ɗan amana za a kai. Naka kuwa naka ne, ko ka bar shi a rumfa ba wanda zai tsayar da kai ranar lahira ya ce ka ci amanata."

Na dafa bakin gadon.

"Keken..."

"Malam Moro ne ya roƙa a wasiƙa ta biyar. Ya ce ya yi mafarkin yaron yana tafiya makaranta a ƙasa. Baba ya sayar da rigarsa ta ɗaurin aure ya saya."

"Baffa Ubaid."

"Shi na karɓa a bakin mota. Babanki a ɗakin da kuke kwana aka haife shi. Ni na binne cibiyarsa a bayan randa."

Na kifa kaina a kan gwiwarta.

"Uban ya aiko da suna a wasiƙar farko," in ji ta. "Ya ce a sa masa Abdulshakur. Kafin ta iso an riga an yi suna, Baba ya bar shi da Ubaid. Shekara bakwai yana rubutowa. A ta ƙarshe ya ce ya yi wani auren, ido ya fara ba shi wahala, ba zai iya zuwa ba, a riƙe yaron har abada, kar a gaya masa."

"Babana ya sani tun yaushe?"

"Tun yana saurayi. Ya kama ni ina karanta su, ya matsa mini. Na gaya masa. Ya yi kwana biyu bai ci abinci ba, rana ta uku ya tashi ya tafi rumfa. Ya ce, ni ina da uwa ina da uba, in an kira ni ɗan ajiya ba abin da ya ragu a jikina. Shi in ya ji, ba shi da kowa a ƙasar nan."

"Shi ne yanzu yake korar mu."

"Babanki bai zaci haka ba. Ni ma ban zata ba. Ya ce Ubaid yana da zafi amma ba zai taɓa iyalina ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Ya sa na ɗora hannu a kansa na yi masa alkawari ba zan faɗa ba. Yana kwance, ƙashi da fata. Na yi."

"Amma kin gaya mini."

"Ke jininsa ce. Na yi wata huɗu ina jira ko Ubaid zai ji kunya ya bari. Yau kin ji shi."

Daga zaure muna jin muryar Afa yana ta roƙo, da ta Baffa yana cewa ya gama magana.

Goggo ta kama haɓata ta ɗago fuskata.

"Ni na tsufa, kaina ya kulle. In na yi shiru, na cika wa mamaci alkawari, uwarki ta kwana a waje. In na yi magana, na karya wa ƙanena abu na ƙarshe da ya roƙe ni, kuma na kashe ɗayan da ransa, don shi ma ni na goye shi. Ba takarda kuma, bakina ne kawai. Ke ce magajiyarsa. Ki faɗa mini."

"Goggo, ni ban iya ba."

"Kin iya zuwa wurin Afa."

Ina ganin Baba a rumfa, yana zaɓar goro mai kyau yana warewa gefe, ya ce wannan na Baffanki ne, ki kai masa Vittin. Duk sallah haka yake yi. Na san abin da zai ce in yana nan. Zai ce mu tattara mu tafi Kukuo, Allah yana can ma.

Sai na ji wani ƙara daga ɗakinmu. Ƙarar kwano a kan kwano. Mma ce ta fara sauke jerenta daga kabad tana haɗawa. Tana yi a hankali don kar a ji.

"Baba ya tafi," na ce. "Mma tana nan."

"Ƙara faɗa in ji."

"Ki faɗa, Goggo. In laifi ne a rubuta a kaina."

Sai ta dafa kafaɗata ta miƙe, gwiwarta tana ƙara. Ta gyara mayafi. Na buɗe mata ƙofa.

Baffa ya riga ya zare hannunsa daga na Afa. Ya juya mana baya, ya nufi ƙofar gida, ƙafarsa ɗaya a kan dokin ƙofa.

Goggo ta tsaya a tsakiyar gida. Ba ta ɗaga murya ba.

"Abdulshakur. Dawo ka zauna."

Afa ya waiga hagu da dama yana neman wanda ake kira, don babu mai wannan sunan a gidanmu.

Baffa bai waiga ba. Amma ya tsaya.

Ya daɗe a haka, ƙafa ɗaya a waje, ɗaya a ciki. Ƙarar kwanonin Mma ta ɗauke.

Da ya yi magana, ba da muryar da ya shigo da ita ba ce.

"Yaya," in ji shi, har yanzu bayansa muke kallo. "Shekara goma sha biyu ke nan da na je Kano na tsaya a kan kabarin mutumin da ya sa mini sunan nan. Wani tsohon direban shanu ne ya gaya mini. Na ɗauka ni kaɗai na rage da na sani."